Amanar Barga: Darasi a Kan Aikin da Ba Mai Gani

Ya kai mai karatu, wanda ka shiga hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana tambaya, ka sani mutane ba za su auna bangaskiyarka da waƙar ran Lahadi ba. Da mudu za su auna ta, da bashin da ka ci, da aikin da aka bar maka sa'ad da maigida ya yi tafiya. Domin wannan zan koya maka amana da misalin barga, gama a can na yi ƙuruciyata, ina yaron doki a wani gida cikin ƙasar Kumbotso.

Kowa ya san hawan salla na Kano, da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, har a 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada. Jama'a suna kallon ingarma da kayan ado, suna yabon mahayi. Amma dokin da ya yi sukuwa rana ɗaya, wata goma sha biyu aka yi ana kiwonsa a turke, ba kalangu ba algaita. Ga amana uku da aka danƙa wa yaron doki.

Ta fari, amanar hatsi. Kowace rana akan auna masa dawa da dusa, a ba shi harawa da kanwa. Doki ba ya magana. Idan yaro ya rage tafi ɗaya ya kai kasuwa, ba mai kai ƙara. Amma bayan wata biyu haƙarƙarin dokin zai ba da shaida. Haka kuma idan ƙyuya ta sa ya zuba abincin yini gaba ɗaya, ko ya ba da hatsin da ya yi fumfuna, gama cikin doki ƙarami ne, ba ya kuwa iya amai. Abin da ya shiga ya shiga, ciwon ciki kuma yakan kashe shi cikin dare ɗaya. Ka karanta Luka 16:10, inda Ubangijinmu ya nuna ƙaramin abu shi ke bayyana wanda za a ba babba.

Ta biyu, amanar abin da ke rufe. Sirdi yakan ci bayan doki ya zama miki. Yaron kirki yakan kwance majayi, ya ɗaga jalala, ya shafa bayan da hannunsa, in ya ga rauni ya faɗa wa maigida, ko da za a fasa kilisa a yi masa faɗa. Mai aikin ganin ido kuwa sai ya shimfiɗa jalala mai kyau bisa mikin. Manzo Bulus ya tsauta wa irin wannan aiki cikin Kolosiyawa 3:22-23, Misalai 12:10 kuma ya lissafta jinƙan dabba cikin alamun mai adalci.

Ta uku, amanar gonar maƙwabci. Dattawa sun ce dā, in an gama kaka akan saki dabba ta yi kiwo cikin kara. Amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, gonakin wajen ba su hutawa: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Daga can ake kawo mana ciyawa ɗanya da bazara. Wanda ya kai doki wajen ya yi sakaci da dabaibayi, cikin sa'a guda sai ya ɓata wahalar wani ta wata uku. Ba dokin za a tambaya ba, mai riƙe da ragama za a tambaya.

Watakila za ka ce, "Maigidana ba ya biyana daidai, in na ɗan rage hakkina na ɗauka." A'a, ɗan'uwa. In an tauye ka, ka je ka faɗa masa da rana tsaka cikin ladabi, in ya ƙi ka nemi dattijo ya shiga tsakani, ko ka bar aikin da sallama. Amma abin da ka ɗauka a ɓoye sata ne, ran da aka gane kuwa ba sunanka kaɗai za a kira ba. Za a ce, "Ga halin masu bin Almasihu."

Kada ka ɗauka da wannan aminci za ka sayi ceto. Ceto kyauta ne ta wurin Yesu Almasihu. Amma wanda aka fansa yakan yi aiki kamar Ubangijinsa yana tsaye bakin barga, gama lalle yana nan.

Tambayoyi domin bincike:
1. Wane abu aka danƙa maka wanda ba ya iya kai ƙararka?
2. Akwai mikin da ka rufe da jalala?
3. Wa zai cutu idan ka yi sakaci da aikinka yau?

Addu'a: Ya Allah Ubanmu, kai da kake ganin abin da ke cikin duhu, ka ba mu hannu mai aminci da zuciya ɗaya, domin kada a zagi sunanka sabili da mu, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.