Wannan Doguwar Kalma a Takardar Magani

Tambaya: Malam, a takardar maganin ciwon kai na ga an rubuta "maikurokiristalin selulos". Yana da illa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Maikurokiristalin na nufin abu mai ƙwayoyin lu'ulu'u ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Shi kuwa maikurokiristalin selulos, farin gari ne da ake sarrafawa daga itace. Shi ke riƙe ƙwayar magani kada ta marmashe a cikin kwalba, kuma yana taimaka mata ta watse idan kin haɗiye. Ciki ba ya narkar da shi, yana fita da bayan gida. A kayan abinci lambarsa E460. Abin kiyayewa shi ne adadin maganin da likita ya ƙayyade miki, kada ki wuce shi.