Mai gida ba kotu ba ne, ko a lokacin annoba

A watan Afrilun 2020, kwanaki kaɗan bayan Gwamna Simon Lalong ya sa dokar kulle a jihar Filato saboda korona, wayata ta yi ƙara da sassafe. Wata mata ce daga Anguwar Rogo, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, masa take toyawa a bakin titi. "Barista, don Allah ka taimake ni, an cire mini ƙofa." Kuɗin hayarta ya ƙare da ƙarewar Maris, kulle ya hana ta fita da tanda, mai gidan kuma ya turo kafinta ya ɓalle ƙyauren ɗakin ya tafi da shi. Zani ta rataya a wurin, yaran suka kwana a bayansa. Duk wanda ya san sanyin Jos da dare, ga kuma damina ta kunno kai, ya san irin kwanan da suka yi.

Na daɗe ina aikin lauya a garin nan, kuma rigimar haya ita ce rabin abin da ke shigowa ofishina. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, garƙame banɗaki da kwaɗo, duk na gani. Abin da na gaya wa baiwar Allahn nan shi nake so kowa ya riƙe: doka ba ta ba mai gida ikon fitar da ɗan haya da hannunsa ba, komai yawan bashin da yake bi. Sai ya ba da notis a rubuce. Idan babu yarjejeniyar da ta yanke wani wa'adi daban, mai biya wata-wata yana da wata ɗaya, mai biya shekara-shekara yana da wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa za a kai ƙara. Daga nan sai kotu, kuma ma'aikatanta ne kaɗai ke fitar da kaya bayan alƙali ya yanke hukunci. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta Legas tatas saboda ta fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin 'yan sanda alhali magana na gaban kotu. Abin da aka hana gwamnati, ba za a halatta wa mai ɗaki biyar a unguwar Gangare ba.

Sai dai a wancan lokacin kotunan ma a rufe suke. Tun 24 ga Maris Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya dakatar da zama, ban da shari'u na gaggawa. Mai gida ba shi da inda zai shigar da ƙara, sai wasu suka ɗauki doka a hannunsu, ɗan haya kuma ya rasa inda zai kai kuka. A Ingila an dakatar da shari'ar korar 'yan haya tun watan Maris, daga baya aka mai da notis wata shida. A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta hana korar a Satumbar 2020, har Kotun Ƙolinsu ta soke hanin a Agustan 2021. Afirka ta Kudu ma ta hana. Mu a nan babu dokar tarayya da aka kafa a kan haka, roƙo kawai aka yi ta yi wa masu gidaje.

Jos kuwa tana da nata ciwon na daban. Tun rikicin 2001 da na 2008 da 2010 garin ya rabu, kowa ya koma unguwar da yake jin zai yi barci da ido biyu a rufe. Wanda aka kora daga Rikkos ko Ali Kazaure ba ko'ina zai nemi ɗaki ba. Gidan yayarsa zai tare da iyalinsa, a ɗakin da dama mutum bakwai ke kwana. Ana cewa a ba da tazara, a wanke hannu, ga mutum goma sha biyu kan buta ɗaya. Korar iyali guda a lokacin annoba cuta ce ake aikawa gida biyu, kuma korona ba ita ce ta ƙarshe ba, tunda zazzaɓin Lassa da kwalara ba baƙi ba ne a jihar nan.

Na kira mai gidan da matar nan take haya. Dattijo ne ɗan fansho, muryarsa na rawa. "Ɗana, ni ma da kuɗin ɗakunan nan nake cin tuwo." Na ce, "Baba, na yarda, amma ƙofar nan in aka je gaban alƙali kai za ka biya diyya." Gaskiya ya faɗa, kuma ba na goyon bayan ɗan hayar da ke da hali ya fake da annoba ya ƙi biya. Ranar da aka sassauta kulle don mutane su yi cefane, muka zauna a zauren mai unguwa. Liman ya tuna wa Baba ayar nan ta Suratul Baƙara da ta umarci a saurara wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci. Muka rubuta takarda: a mayar da ƙyaure a ranar, a ɗaga mata kuɗin wata uku, ta biya kaɗan-kaɗan in kasuwa ta buɗe. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu suka sa.

Ɗan haya, kada ka biya ko naira ɗaya ba tare da rasit ba. In ka ga ba za ka iya biya ba, riga mai gida magana, kuma duk sassaucin da ya yi maka a rubuta shi. In an taɓa ƙofarka ko rufinka, kada ka yi dambe. Ɗauki hoto da waya, sanar da mai unguwa, ka nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a nan Jos, ba sa karɓar kuɗin lauya. Ina kuma roƙon Majalisar Dokokin Filato ta yi doka tun yanzu da ake zaune lafiya, wadda za ta dakatar da kora duk lokacin da aka sa kulle, ta kuma tanadi wani sauƙi ga ƙananan masu gidaje irin Baba.

Matar nan ta gama biyan bashinta a watan Oktoba. Ta zo ofis ta nuna mini rasit shida, a ninke cikin ledar da take ajiye katin asibitin yara.