Turjiyar Waya da Gudun Lantarki: Darasi Domin Hakimai da Magatakarda

Wanda ya san fadamar Miga ya riga ya san rabin wannan darasi. Manomin rani yakan jawo ruwa daga kogin Haɗejiya ta magudana zuwa gonarsa. In magudanar tana da faɗi, an kuma share ta, ruwa ya taho da yawa. In kuwa kacala ta cika ta, kamar yadda ta yi ta cika hanyoyin ruwan ƙasar nan bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwan ya ragu, ko da kogin yana cike. Haka lantarki yake cikin waya.

Abubuwa uku ake aunawa. Ƙarfin da ke tura wutar ana auna shi da bolt, yawan wutar da ke gudana da amfiya, turjiyar hanya kuma, watau yadda take hana wutar wucewa, da om. Wani malamin Jamus, Georg Ohm, shi ne ya bayyana dangantakarsu a 1827: a raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya. Batir mai bolt 12 da kwan fitila mai om 6 suna ba da amfiya 2.

Hanyar haɗa fitilu iri biyu ce. Ta fari ita ce haɗin jere, inda wuta ke ratsa wannan kwai ta shiga na gaba, hanya ɗaya tak. A nan tara turjiya ake yi. Kwai biyu masu om 6 sun zama om 12, wutar ta sauko zuwa amfiya 1, kowane kwai ya dushe. In ɗaya ya ƙone, dukansu sun mutu, gama hanyar ta yanke.

Ta biyu ita ce haɗin rassa, inda kowane kwai yake da tasa hanya daga batir, kamar manomin da ya buɗe magudana ta biyu kusa da ta fari. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da masu ilmi, domin suna zaton ƙarin kaya ƙarin turjiya ne. Ba haka ba ne. Kowane reshe sabuwar hanya ce, saboda haka turjiyar duka raguwa take yi. Kwai biyun nan sun koma om 3, batir yana fitar da amfiya 4. A ƙara na uku, om 2 ke nan, amfiya 6. Kowane kwai yana haske sosai, mutuwar ɗaya ba ta taɓa sauran, shi ya sa ake haɗa wutar gidaje da ofisoshi da rumfunan kasuwa ta wannan hanya.

To, amma dukan wutar rassan nan ta waya ɗaya take shigowa, ita ma wayar tana da tata turjiya, wadda ke mai da wani kashi na wutar zafi. Zafin kuwa ba tafiya yake yi daidai da wutar ba: in wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu, in ta ninka uku, ya ninka tara. Wutar gari a Nijeriya bolt 230 ce. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da ɗan wani abu, butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan 9. Su biyu kaɗai sun kai amfiya 13, iyakar abin da aka yi filogi mai ƙafa uku ya ɗauka. Wanda ya ƙara na uku a soket ɗin nan ya ɗora wa waya abin da ya fi ƙarfinta. Roba ta yi laushi, ta narke, wayoyi biyu su taɓa juna, turjiya ta kusa ƙarewa, wuta mai yawa ta kwararo nan take. A rumfar zana, lokacin hunturu, ba a bukatar fiye da haka.

Domin wannan ne ake sa fis a jere da dukan kayan gida. Siririyar waya ce da aka yi don ta narke kafin wayar bango ta yi zafi. Mai gyaran da ya ga fis yana yawan ƙonewa ya naɗa masa waya mai kauri bai gyara kome ba, ya dai cire mai gadi ne. Magatakarda da ke riƙe da makullin ofishin hakimi ya kamata ya hana wannan, ya sa a rage kayan da ke kan layin, ko a ja wani layin dabam da nasa fis.

Haɗin jere kuma yana da nasa aiki a fadama. Doguwar wayar da aka ja daga faifan hasken rana zuwa famfo a jere take da famfon. Tsawo yana ƙara turjiya, kauri yana rage ta. Waya mai tsawon mita 100 ta ninka mai mita 50 turjiya, in kaurinsu ɗaya. In an sayi siririya don arha, wani kashi na bolt ɗin ya salwanta a hanya, famfo ya yi ta nishi ba ruwa, jama'a su ce injin ne ba shi da kyau. Hakimin da aka kawo wa takardar kuɗin irin wannan aiki yana da ikon tambayar ɗan kwangila tsawon wayar da kaurinta, a kuma rubuta su cikin takardar kafin ya sa hannu.