Amsoshin Tambayoyinku: Allurar Zafin Injin Motata Tana Yi Min Wasa

Tambaya: Ina da Toyota Camry ƙirar 1998 da nake zirga-zirga da ita tsakanin Gusau da Funtuwa. Kwanan nan allurar da ke nuna zafin inji ta rikice. Wani lokaci ta kwanta a kan C ko da na yi tafiyar awa guda, wani lokaci kuma ta zabura ta haye H ta dawo. Bakanikena ya ce in rabu da ita tunda motar na tafiya lafiya. In bi shawararsa?

Amsa: Malam, kada ka rabu da ita. Wannan allurar ce kaɗai za ta faɗa maka inji ya fara dahuwa tun kafin gasket ya ƙone, kuma kuɗin gyaranta bai kai rabin rabin kuɗin sauke kan inji ba.

Abu na farko, a gano ko allurar ce ke ƙarya ko injin ne ke zafi da gaske. Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka leƙa. (Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ruwan yakan yi tsiri ya sale wa mutum fuska.) In ruwa ya yi ƙasa, to akwai haɗari, domin sensa a cikin ruwa take jin zafi. Da zarar ruwa ya janye ya bar ta a iska, sai allura ta riƙa hawa da sauka, ko ma ta nuna sanyi alhali inji na ƙuna. Cika ruwan, a fitar da iskar da ta maƙale, a nemo inda yake yoyo.

In ruwa cike yake, yadda ka ce tana zabura ya sa na fi zargin waya. Ruwa ba ya tashi daga sanyi zuwa tafasa cikin daƙiƙa ɗaya. Motoci irin taka suna da sensa biyu: mai waya biyu tana aika wa kwamfutar inji labari, mai waya ɗaya kuma ita ke motsa allura. Je wurin mai rewaya ya zare soket ɗin mai waya ɗayar. Sau da yawa za ka tarar bakinsa ya yi kore da tsatsa, ko wayar ta bushe ta tsage saboda zafin inji, tana taɓa ƙarfe in an faɗa rami. Taɓawar nan ita ke jefa allura kan H.

Gwajin ba shi da wuya. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a ɗan goga bakin wayar a jikin inji na daƙiƙa biyu ko uku, kada a wuce haka don kar agogon allurar ya ƙone. In allura ta haye sama, waya da agogo lafiya suke, sensa ce ta mutu, a sake ta. In ko gezau ba ta yi ba, a bi wayar zuwa dashbod, a duba fiyus. Ka kuma lura ko allurar mai tana irin wannan rikicin. In haka ne, matsalar tana bayan dashbod ɗin.

Akwai abu ɗaya da ke damuna ƙwarai a garejojinmu, wato cire tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Ta motarka an yi ta ne ta buɗe a wajen digiri 82, ta riƙe inji a zafin da ya dace da shi. In an cire ta, musamman da sanyin hunturu a kan doguwar hanya, allura za ta kwanta kusa da C, kuma gaskiya take faɗa: injin bai yi ɗumi ba, yana shan mai fiye da ƙima, yana kuma saurin cinyewa. Tambayi bakanikenka ko tana nan. In babu, a sa sabuwa.

Kafin ka samu gyara, duk lokacin da allura ta hau H ta tsaya, ko ka ji ƙaurin ruwa mai zafi, ratse gefen hanya ka kashe inji, ka ba shi kamar rabin awa kafin ka taɓa komai.