NAZARI: Ma'aikacin Kula Da Ji A Ƙasar Bade, Aikinsa Da Gidansa

A Katuzu, ɗaya daga cikin unguwannin garin Gashuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, galibin hanyoyin neman abinci da kunne ake bin su. Ɗan kasuwa da baki yake tayawa, da kunne kuma yake jin an sallama. Mai injin niƙa daga kukan injinsa yake gane cewa wani abu ya kwance a ciki. Direba da oda yake sanin abin da ke bayansa, yaro kuma a makarantar allo ko ta boko sai ya ji kafin ya biya. Saboda haka idan ji ya ragu, kuɗin shiga ma raguwa yake yi, sai dai hasara ce da ba a rubuta ta a littafin ciniki, kuma mai ita yakan daɗe bai san yana yin ta ba.

Masu aikin kula da ji hawa uku ne. Akwai likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda shi ke yin fiɗa. Akwai masanin awon ji, wanda ke auna yawan abin da kunne ya rasa ya kuma daidaita wa mutum na'urar ƙara ji. Sannan akwai ma'aikacin jinya ko jami'in lafiya wanda ya sami ƙarin horo a kan kunne. A garuruwa irin su Gashuwa da Nguru, na ukun nan shi ne wanda talaka ya fi saurin samu, kuma a bakin jama'a dukkansu “likita” ne. Babbar cibiyar da ke ba da irin wannan horo ita ce Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Ƙarancin waɗannan ma'aikata ba abu ne ɓoyayye ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa fiye da mutum miliyan 1,500 a duniya suna da wata tawaya a jinsu, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar taimako, hasarar da rashin kula da matsalar ke jawowa kuma ta kai kimanin dalar Amurka miliyan dubu 980 a kowace shekara. Wani rahoton hukumar na 2024 a kan yankinta na Afirka ya ƙiyasta masu matsalar da mutum miliyan 40, hasarar kuma dala miliyan dubu 27 a shekara. A fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasashen yankin, masanin awon ji bai kai ɗaya ga mutum miliyan guda ba.

Yinin ma'aikacin

Aikin yakan fara ne da 'yar tocila mai madubi wadda ake leƙa ramin kunne da ita. Abin da ido ke nema shi ne dodon kunne, wato tantanin nan mai kama da fatar ganga wanda sauti ke bugawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo da kukan cewa sun kurumce, abin da ake tararwa dauɗar kunne ce ta taru ta toshe hanya, sau da yawa kuma mai ita ne ya tura ta ciki da tsinken ashana ko gashin kaza. A wajen yara akan sami ƙwayar wake, ko dutsen ado, ko ƙwaro. Irin wannan aiki na 'yan mintoci ne, kuɗinsa kaɗan ne, mutum kuma yakan fita yana jin abin da ya yi watanni bai ji ba.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne kunne mai zubar da ruwa. Yaro ya yi mura, ciwon ya haura zuwa tsakiyar kunne, mugunya ta taru ta huda dodon kunne. Idan hujin bai warke ba, duk lokacin da ruwa ya shiga sai ciwon ya tashi. A ƙasar da kogin Yobe ya ratsa, inda yara ke wanka a gulbi, masunta kuma ke wuni cikin ruwan fadamun Haɗeja da Nguru, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Maganinsa na farko mai araha ne: a tsane kunnen, a ɗiga maganin da ya dace, a hana ruwa shiga. Wahalar ita ce shawo kan iyaye su daina ɗiga man ja, ko ruwan ganye, ko abin da maƙwabciya ta ce ya yi wa ɗanta amfani, su kuma dawo ranar da aka ce su dawo. Uwa da ta biya kuɗin mota daga ƙauye ba ta cika sake zuwa ba muddin ruwan ya tsaya, ko da hujin yana nan.

Awon ji shi ne ɓangaren da ke bukatar haƙuri. Ana sanya wa mutum abin saurare a kunne, a riƙa aika masa da sauti daga mai kauri zuwa siriri, ana rage ƙarfinsa har a kai inda ya daina ji, a rubuta a takarda. Ma'aunin ƙarfin sauti shi ake kira desibel, kuma wanda kunnensa mafi lafiya ya rasa fiye da desibel 35 ana lissafa shi cikin masu tawayar da ke hana harka. A manyan asibitoci akwai ɗaki na musamman da ba ya shigar da ƙara. Inda babu shi, dole ma'aikaci ya nemi ɗakin da ya fi shiru da lokacin da ya fi shiru, a nan kuma yakan shiga tsaka mai wuya: na'urar tana bukatar wuta, janareton da zai ba da wutar kuma shi ne ke ɓata awon. Ga kuma batun harshe. Tsoho Babade, ko Bamange, ko Bafillatani, idan aka gwada shi da kalmomin Hausa ya kasa maimaitawa, ba lalle ne kunnen ne ya gaza ba.

Ƙarar da ake ci da ita

Kunne ya girmi kaka, in ji Hausawa, amma a wajen mai injin niƙa kunnen yakan riga mai shi tsufa. Can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, wadda ke ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi. Su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai tsanani tana kashe su kaɗan-kaɗan, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce kada a wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, awa guda a 94. Injinan niƙa da na casar shinkafa sau da yawa sukan haura 90, masu su kuma daga safe har magariba suna tsaye a kansu, tare da yaran da ke kawo niƙa.

Alamar farko ba kurumta ba ce. Mutum zai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe ta, musamman a kasuwa ko a taron biki, ko kuma ya ce wani abu yana yi masa kuka a kunne idan dare ya yi. Dalili shi ne siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ne kuwa ke bambanta kalma da 'yar'uwarta. A nan ne hasarar ciniki ke shigowa, domin tsakanin “sittin” da “saba'in” a bakin mai saye akwai Naira goma, ko dubu goma. Abin toshe kunne na roba kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma masu injin sukan ƙi shi, hujjarsu kuwa ita ce ba za su ji mai kawo niƙa ba, ba za su kuma ji injin ba. Hujjar ba ta banza ba ce, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya yi mata dariya. Yakan nuna wa mutum cewa robar rage ƙara take yi, ba ta kashe ta, ya kuma ba da shawarar a riƙa karɓa-karɓa a kan injin.

Cuta da allura

Yobe tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a lokacin zafi. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta tana cikin manyan tabon da ciwon ke bar wa waɗanda suka rayu. An fara amfani da allurar MenAfriVac a ƙasar a 2011, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, Yobe tana cikin jihohin da aka fara da su. Ƙyanda da hangum da shawarar jarirai mai tsanani su ma suna taɓa kunne, haka nan zazzaɓin Lassa, wanda ke barin kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da matsalar ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara ana iya kauce masa.

Akwai kuma abin da ake saye da kuɗi a kantin magani. Allurai irin su jentamaisin da sitiraftomaisin suna ceton rai idan likita ya auna su, amma idan aka yi su barkatai suna iya lalata kunne da ƙoda gaba ɗaya. A Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'a, tambayar “wace allura aka yi maka, kuma wa ya yi ta?” tana cikin tambayoyin da bai kamata ma'aikaci ya tsallake ba.

Na'urar ƙara ji kuwa, wadda mutane ke ɗauka ita ce ƙarshen magana, ita ce mafi tsada kuma mafi saurin ba da kunya. Daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta dala yake bi. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sayen na'urar kuma somin-taɓi ne. Batirinta yakan ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, ba a kuma samun sa a kowane kanti. Ƙurar hunturu tana toshe ta, gumin bazara yana jiƙa ta, yaro kuma idan ya girma dole a sake masa abin da ke zama a cikin kunne. Shi ya sa na'urorin da akan raba kyauta a wajen taro da yawansu ke ƙarewa a cikin akwati bayan 'yan watanni. Arha kuma tana da nata haɗarin: abin ƙara sauti da ake tallarsa a kasuwa ba tare da awo ba yana iya ƙara wa kunne rauni.

Abin da ya fi ƙarfin ma'aikacin yakan tura shi gaba, zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko Damaturu, ko asibitocin koyarwa na Maiduguri da Kano, ko Kaduna. Kowace takardar turawa kuɗin mota ce da kwana da barin gona, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, don haka yakan auna sau biyu kafin ya rubuta ta.

Bayan an tashi aiki

A gari irin wannan, tashi daga asibiti ba ya nufin an tashi daga aiki. Bayan sallar magariba za a yi sallama a ƙofar gida, maƙwabci ne da yaro a kafaɗa, ko surukin wani da ya zo daga ƙauye. Zumunci ya hana a karɓi kuɗi, ya kuma hana a ce a dawo gobe. Ma'aikaci mai hankali yakan duba, ya ba da shawara, amma ya ƙi wanke kunne a zaure, domin tura ruwa cikin kunnen da dodonsa ya huje ɓarna ce. Wannan ƙin yakan jawo masa ƙorafi cewa boko ya sa shi girman kai.

Maiɗakinsa ma tana cikin aikin ba tare da albashi ba. Matan da ba sa fita su ne ke fara lura cewa jariri ba ya firgita idan ƙwarya ta faɗi, ko yaro ya kai shekara biyu bai ce “inna” ba, kuma a wajen suna ko biki suke faɗa mata, ita kuma ta kawo gida. Labarin yakan iso a makare, bayan an sha rubutu an kuma jira, bisa zaton cewa nauyin baki ne irin na gidansu. Shekarun farko kuwa su ne lokacin koyon harshe. Idan ta tabbata yaro ba zai ji ba, sai aikin ya koma na lallashin uba ya yarda cewa ɗansa ba taɓaɓɓe ba ne, yana iya koyon maganar hannu, yana iya karatu da sana'a, kamar yadda makarantar Tudun Maliki ta Kano ta daɗe tana nunawa tun 1977. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi a ware masu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, sai dai gurbin na mai takarda ne.

Albashi kaɗai ba ya riƙe gida, saboda haka kamar sauran ma'aikatan yankin, da yawansu suna da 'yar gona a fadama ko tumakin kiwo. A ranar hutu za a same shi a bakin rijiyar burtsatse yana ba shinkafa ruwa, injin ban-ruwa yana ruri kusa da kunnensa, da dare kuma janareton maƙwabci yana yi a bayan katanga. Ana cikin haka wasiƙa ko waya takan zo daga abokin karatu da ya koma Abuja ko Saudiyya, yana ba da labarin albashi da kayan aiki. Idan ya amsa kiran, mai ciwon kunne a Katuzu sai ya hau mota zuwa Nguru don a cire masa dauɗar kunne, ko kuma ya koma ga tsinke.