Daga Magariya da Dungas Zuwa Jami'a: Yadda Ɗalibi Zai Haɗa Kuɗin Karatu

Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnatin Nijar ba su ne ke karya ɗan talaka ba. Zaman birni ne ke cinye aljihu: haya, abinci, kuɗin mota zuwa Damagaram ko Yamai, da buga takardun darasi. Ƙanena da ƙanwata da kuka ci jarrabawar Bak a Magariya ko Dungas, ga hanyar da nake ganin ta fi ɓullewa.

Matakin farko shi ne takardu, tun kana ajin ƙarshe na lise. Ka nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina, don harafi guda yana iya tsayar da komai. Da sakamako ya fito, ka kai takardunka hukumar ANAB mai ba da bursi. Wanda bai samu bursi ba yana iya neman tallafin da ake ba marasa ƙarfi. A Jami'ar André Salifou ta Damagaram kuma, ka yi sammakon neman ɗaki da tikitin abinci a ofishin CROU, domin ɗakunan ba sa isar kowa. Sai dai kada ka ɗora tukunyarka a kan bursi kaɗai. Yakan makara da watanni, mai gidan haya kuwa ba ya jira.

Na biyu shi ne gona, kuma a nan ne ɗan yankinmu ya fi ɗan birni gata. Babban hutu yana faɗawa cikin damina. Ka roƙi Baba gayauna taka ta kanka, ka shuka riɗi, wake ko gyaɗa, bayan ka sauke naka nauyin a gandu. Sirrin yana wajen sayarwa. Da kaka kowa na kai amfani kasuwa, farashi ya faɗi warwas, ƴan sari su kwashe zuwa Najeriya. Kai ka daure. Ka zuba wakenka a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke hana ƙwari ba tare da magani ba, ka ɗaure bakinsa tam, ka damƙa wa Inna ko wani amintacce. Duk lokacin da buƙata ta taso a makaranta, a fitar da tiya kaɗan a sayar. Zuwa bazara, abin da ya rage yakan yi daraja fiye da ranar girbi. Wanda gidansu ke da garka a fadamun Korama, wajen Bande ko Wacha, yana da ƙarin ƙofa: rake da kayan lambu na rani.

Na uku, kiwo. Da kuɗin riɗi ka sayi ɗan rago a turke shi watanni uku ko huɗu kafin Layya, harawar wakenka ta zama abincinsa. Ƴan mata sun fi cin ribar jar akuya, don tana yawan haifar tagwaye kuma tana da sauƙin riƙo. Ku yi magana a fili da mai kula da dabbar kan rabonsa tun ranar farko.

Na huɗu, aiki a birni, amma wanda ba zai ci karatu ba. Koyar da yaran da ke shirin jarrabawar BEPC a gidajensu da yamma ya fi komai dacewa, musamman ga mai lissafi ko Faransanci. Kabu-kabu yana kawo kuɗi kullum, amma ban ba da shawararsa ba sai ranakun hutu. Wanda ya wuni a kan babur ba ya iya buɗe littafi da dare.

Na ƙarshe, dangi. Kusan kowane gida a Malawa, Gushi ko Dogo-Dogo yana da mai cin rani a Kano, Legas ko Aljeriya. Kada ka jira sai ka shiga uku ka buga waya. Ka rubuta abin da kake kashewa a wata, ka nuna wa yayyenka da kawunnanka, kowa ya ɗauki abin da zai iya, ko da jika biyu ne, ya riƙa turowa ta kamfanin Nita ko Al Izza. In da naira aka ba ka, ka canza ta zuwa sefa da wuri.

Iyaye, in za a raba gayauna bana, a sa da ƴa macen da ta ci Bak, don ita ce aka fi saurin cewa ta haƙura idan kuɗi suka gaza.