Fa'ida a kan ladubban shan zuma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana muridai, ku sani Allah Ya ambaci waraka cikin zuma a Suratun Nahli, aya ta 69. Ni tsohonku ina yi muku wasiyya da abu uku.

Na farko, ku rufe tulunta, ku ɗiba da busasshen cokali, gama ruwa yana sa ta tsami. Wadda ta tsima har tana sa maye ta haramta.

Na biyu, in ɓera ya mutu cikin narkakkiya, a zubar da ita duka, haka mai Risala ya faɗa.

Na uku shi ne mafi girma. Kada a lasa wa jinjiri zuma sai ya cika wata 12. Takan ɗauki ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya kashewa ba, ta shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Da dabino Manzon Allah ya yi wa jarirai tahniki.

Ku yi bismillah, ku sha kaɗan, ku gode. Wallahu a'alamu. Tamat.